Dubban mutane na kallon bidiyona amma ciniki shiru, ina matsalar take?

Mai Mayafi, Nima

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema don abin ya fara hana ni barci. Ina sayar da mayafai da abaya da atamfa da ɗan turaren wuta, ba ni da shago, a ɗaki nake ajiye kaya nan Nima cikin Ankara, babban birnin Gana, wasu in saro a kasuwar Makola wasu kuma yayata ce ke turo min daga Dubai in an samu mai tahowa. Shekara biyu ke nan ina yi, da farko matan gidanmu da na makarantar dare su ne kwastomomina kuma alhamdulillahi ana ɗan taɓawa, sai ƙanwata ta ce ai Yaya kasuwa yanzu ta koma cikin waya, ta buɗe min TikTok da Facebook, na fara ɗaukan bidiyo ina yafa mayafin ina bayani da Hausa yadda ake naɗa shi.

To wallahi kallo kam ana yi. Akwai wani da na yi kafin ƙaramar salla, mutum sama da dubu 40 suka kalla, mabiyana yanzu sun kusa dubu 9, komen kuwa har ban iya karantawa duka, masha Allah, ya yi kyau, nawa ne, nawa ne, nawa ne. In ce su zo inbos, wasu su zo in faɗa musu kuɗi shi ke nan ba za ka ƙara jin ɗuriyarsu ba, wasu har hoto kala goma za su sa in tura musu da datana sannan su ce za su dawo. Kun san mayafi nawa wancan bidiyon ya sayar min? Uku. Kuma biyu daga ciki matan layinmu ne da dama sun san ni.

Ban ɓoye muku ba, na taɓa ba wani yaro sidi 150 ya ƙara min mabiya dubu 2 don an ce mutane sun fi yarda da mai mabiya da yawa, sannan na zuba sidi 300 na yi bustin wani fostin a Facebook, wato na biya su ƙara nuna shi ga mutane, layik ya zo da yawa amma ko mutum ɗaya bai saya ba. Kuɗin adashina ne na sa a kayan nan kuma babbar salla na matsowa. Shin mutane ne ba su da kuɗi, ko kayana ne suka yi tsada, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba? Wanda ya san harkar nan ya taimaka min don Allah.

Ɗan Aboabo, Kumasi

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kafin ki ce komai a kan tsada, ki shiga wajen da TikTok ke nuna lissafin shafinki ki duba ƙasashen da mabiyanki suke, yana nunawa, Instagram ma har garuruwa yake nunawa. Ina kyautata zaton abin da za ki gani shi ne abin da ni ma na gani a nawa, Najeriya a sama, Nijar na bi mata, Gana can ƙasa.

Ni takalma nake sayarwa, ina da ɗan tebur kusa da Kejetia, kuma na yi wata shida ina murna da yawan masu kallo kafin na gane inda suke. Dalilin a fili yake in kin zauna kin yi tunani. Manhajar ba ta san ke 'yar kasuwa ba ce mai neman wanda zai turo MoMo, wato kuɗi ta waya, abin da ta sani kawai wannan bidiyon masu jin Hausa suna tsayawa su kalla har ƙarshe, to sai ta ƙara kai shi wajen masu jin Hausa, su kuwa ina suka fi yawa? Kano, Kaduna, Katsina, Sakkwato, Maraɗi, Damagaram. Mu Hausawan zango duk da yawanmu a Nima da Maamobi da Madina da Ashaiman da Aboabo da Asawase, in aka auna mu da Kano kaɗai ba mu kai ko'ina ba. Baiwar Allah tana zaune a Kano ta ga mayafinki ya burge ta tsakani da Allah, ta ce nawa ne, ki ce mata sidi kaza, ita naira ta sani, ta tambayi canji ta ƙara kuɗin kawo kaya daga Gana ta ga ai Kantin Kwari na nan kusa da ita. Ba raini ba ne ya sa ta yi shiru, ba ta da abin da za ta ce ne.

Abin da na yi, kuma na ga canji, duk bidiyon da zan ɗora sai na rubuta Kumasi ɓaro-ɓaro a saman hoton tun daga sakan na farko, kuma in faɗa da bakina, ga mu nan Kumasi, kuɗinsa sidi kaza, ana kai wa Tafo da Suame da Asawase yau yau. Sannan ina haɗawa da ɗan Tonanci, yaren Asante, da Turanci don matan Asante ma suna saye, ke ma a Ankara kada ki raina waɗanda ba su jin Hausa, Dagombawa da Kotokoli da Zabarmawa da Fulani duk suna yafa mayafi, har kiristoci suna sayen atamfa da turare. Masu kallona sun ragu sosai, wanda da yake samun dubu 20 ya koma dubu 2 ko 3, ranar farko har raina ya ɓaci, amma wayata ta fara ƙara da lambobin da suka fara da 024 da 054 maimakon +234.

Sai maganar zo inbos. Ki daina. Ki sa kuɗin kayan a fili kowa ya gani, wanda aljihunsa ya kai zai zo da niyyar saye, wanda bai kai ba ya wuce ba tare da ya cinye miki data da lokaci ba. Ni kaina in na ga an rubuta a zo inbos sai in ji kamar za a duba hotona ne a yanka min kuɗi daidai da rigar da na saka.

Hajiya Mai Yadi, Madina

Ɗana na Aboabo ya yi gaskiya a maganar Najeriya, amma batun sa kuɗi a fili ban bi shi duka ba, bari in faɗi dalilina. Na fi shekara 20 ina sayar da yadi da leshi tun kafin a san wata waya mai hoto. Kayanmu da dala ake saro su, wanda ya yi kasuwa a 2022 ya san abin da ya same mu, sidi ta riƙa faɗuwa har sai da ya zama kuɗin da ka sayar da safe ba zai sake saro maka kayan da yamma ba. Bidiyo kuma ba ya mutuwa, wanda kika ɗora wata huɗu da suka wuce wata za ta gan shi yau ta zo ta ce ai kin rubuta kaza, ki ce ya tashi, ta ce ke maƙaryaciya ce. Ga kuma 'yan uwanki masu irin kayan suna laɓe suna kallo, kina sa 120 za su sa 110. Ni abin da nake yi, ƙananan kaya irin hula da ɗankwali da turare ina sa kuɗinsu, manya irin leshi da abaya mai dutse sai in ce daga kaza zuwa kaza, in sa kwanan wata. Mutanenmu kuma sun saba da tayi, in ba a rage wa mace ko sidi 5 ba gani take ba a daraja ta ba, to ki bar wa kanki wurin ragi.

Amma ɗiyata, abin da ya sa na tsaya rubutu ba wannan ba ne. Kin ce biyu daga cikin ukun da suka saya matan layinku ne, kin faɗe shi kamar abin kunya, alhali nan kasuwarki take. Mace a zango ba ta sayen kaya don ta ga bidiyo, tana saye ne don ta gani a jikin wance ranar suna ko awure ta tambaya a ina kika samu. Bidiyon tuni ne kawai yake mata. Kuma ki lura da kyau, masu yawan komen ba su ne masu saye ba. Mai saye shiru take yi, ba layik ba komen, don ba ta son kishiya ko dangin miji ko wadda take bin ta bashi su ga tana tambayar kuɗin abaya a bainar jama'a. Ina da kwastoma da ta yi kusan shekara tana kallon istatus ɗina kullum ba ta taɓa cewa uffan ba, ranar da za ta aurar da ɗiyarta ta kira ni ta ɗauki yayin biki gaba ɗaya, wato kaya iri ɗaya da mata ke sawa a biki, mata sama da 60, ta ce Hajiya ai na daɗe ina kallonki na ga ba kya canza magana.

Don haka ki koma WhatsApp da ƙarfinki. Istatus ba ya zuwa wa kowa sai wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki, to aikinki shi ne ki sa a ajiye lambarki. Duk wadda ta saya ko da turaren sidi 20 ne ki ce Anti ajiye lambata ina sa sababbin kaya duk Alhamis. Duk taron biki da kika je ki saka kayanki a jikinki. Ki je wajen magajiyar ƙungiyar matan unguwarku ki gaishe ta da ɗan turare, in ana neman mai kawo yayi ta tuna da ke. Lokacin Maulidin Babban Limami Shaikh Usman Nuhu Sharubutu a Fadama, kin ga yadda mata ke fitowa ƙungiya ƙungiya da kaya iri ɗaya, duk wannan wani ne ya kawo musu, kuma ba a TikTok suka same shi ba. Mutum 200 da suka san gidanku suna ganin istatus ɗinki sun fi miki dubu 9 ɗin nan amfani nesa ba kusa ba.

Kuma kada ki jera hoto 30 a istatus lokaci ɗaya, mutum zai gaji ya rufe ki gaba ɗaya ba ki sani ba. Biyar ko shida sun isa, bayan isha'i lokacin da mata suka gama aiki suka kwanta da waya a hannu. Da azumi kuma bayan asham da wajen sahur.

Mai Gyaran Waya, Circle

Anti sannu da ƙoƙari. Ni zan yi magana a kan kuɗin nan biyu da kika kashe don ina taya mutane saita talla a nan shagonmu.

Mabiyan da aka sayo miki sun cuce ki fiye da sidi 150 ɗin. Yawancinsu ba mutane ba ne, asusun bogi ne da ba mai buɗe su, ba sa kallo ba sa saye, ga shi sun ɓata miki lissafi yanzu in kin duba ba za ki gane su waye naki na gaskiya ba. Kuma masu saye sun waye, mutum ya ga mabiya dubu 9 amma wani fostin layik 12, nan take zai fara zargin ko shafin 'yan damfara ne. Kada ki ƙara, in kina da lokaci ma ki riƙa cire waɗanda ba su da hoto ba su da fostin ko ɗaya.

Bustin kuma ba laifinsa ba ne, yadda aka saita shi ne. In kin danna kawai kin biya ba ki zaɓi komai ba, kin bar shi ya nemo miki masu layik, to zai kawo miki masu layik ɗin kuwa, akwai mutanen da duk abin da ya gifta sai sun danna masa. Wajen saitawa yana tambayar me kike so, ki zaɓi saƙo, ki haɗa shi da lambar WhatsApp ɗinki yadda mutum na dannawa zai faɗo kai tsaye wajenki. Wajen wuri kada ki sa Gana gaba ɗaya balle ki bar shi a buɗe, ki sa Ankara ki ja da'irar ta tsaya iya inda mai okada zai kai kaya ya dawo, ki zaɓi mata, ki sa shekarun da kika san su ne masu sayen kayanki. Kuma kada ki juye 300 a rana ɗaya, ki raba kaɗan kaɗan na kwana biyar ko bakwai, ki gwada bidiyo biyu daban ki ga wanne ya fi kawo saƙo sannan ki ƙara wa wannan. Abin da za ki riƙa ƙirgawa shi ne mutum nawa suka yi magana, nawa suka biya, ki samu ɗan littafi ki rubuta, duk wanda ya saya ki tambaye shi a ina ya gan ki.

Ki sauke WhatsApp Business kyauta ne, akwai wajen jera kaya da hoto da kuɗi, mai son ganin kala goma sai ki tura masa mahaɗi ɗaya ya duba da kansa. Akwai kuma tura saƙo ga mutane da yawa lokaci ɗaya, yana ɗaukan har 256, amma shi ma sai wanda ya ajiye lambarki zai samu, kin ga maganar Hajiya ta dawo ke nan. Kuma lambobin nan ki rubuta su a takarda. Kun tuna Maris ɗin 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala, kwanaki ana fama, ko ranar 4 ga Oktoba 2021 da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke wajen awa shida? Wanda ke da lambobin kwastomominsa ya ɗaga waya ya kira, wanda duk arzikinsa mabiya ne ya zauna yana jira.

Yar Maamobi

Ni ba na sayar da komai, mai saye ce, bari in faɗa miki abin da ke sa ni gudu Yaya. Tsoro ne wallahi. An taɓa cinye min sidi 400 a wani shafi mai kyawawan hotuna, ina tura kuɗi aka toshe ni, tun daga nan in na tambayi kuɗi aka ce in fara turo MoMo kafin a kawo sai in yi shiru ko da ina son kayan. In kina so in yarda da ke ki nuna fuskarki ko a ƙalla muryarki, ki nuna kayan a hannunki a hasken rana ba hoton da aka ɗauko na 'yan Dubai ba, ki yarda in biya in kaya sun iso ko mu haɗu a wuri sananne kamar bakin babban masallacin Kanda. Sunan da zai fito a MoMo kafin in danna ya zama ya yi daidai da wanda kika faɗa min. Kuma ki riƙa amsawa da wuri, in na yi magana da safe kika amsa da dare na riga na saya wajen wata. Saƙon murya ma ya fi min, yayyena da yawa ba sa iya karanta dogon rubutu amma in suka ji muryar mutum da Hausa hankalinsu na kwanciya.

Ɗan Aboabo, Kumasi

Hajiya na karɓi gyara a kan manyan kaya, sa kwanan wata dabara ce mai kyau ban taɓa tunaninta ba. Amma biya in kaya sun iso ɗin nan a yi hattara, ni an sha sa ni in tura yaro har Tafo a je a kira waya a kashe. Yanzu kuɗin mai kai kaya kawai nake karɓa tukuna, sauran in an gani an yaba a biya. Na nesa kuma irin Ankara ko Tamale sai an biya duka nake kai wa tasha in ɗauki hoton rasit in tura. Kuma 'yar uwa duk wanda ya turo miki hoton saƙo ya ce ya biya kada ki saki kaya sai kin duba asusunki da kanki.

Mai Mayafi, Nima

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wallahi jiya ban yi barci da wuri ba ina ta dubawa. Yayana na Aboabo kamar kana gani, Najeriya ce a sama da nisa, sai Nijar, Gana ta uku, har da Saudiyya a ciki. Na koma inbos na bi waɗanda suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, da yawansu in ka duba shafinsu za ka ga Kano ko Zariya, ni kuma ina nan ina jin haushinsu a banza.

Saudiyyar nan ta tsaya min a rai, don na tuna wata da ta taɓa min magana daga can, 'yar Gana ce tana aiki a gidan Larabawa, ta ce tana son a kai wa mahaifiyarta atamfa a Sabon Zango, ni kuma lokacin ban ɗauke ta da muhimmanci ba don na ga lambar waje. Na nemo ta daren jiya na ba ta haƙuri, ta ce har yanzu tana so, turmi biyu, ƙaninta zai turo kuɗin in an kai. Ashe irin su da 'yan uwanmu na Bronx da Jamus masu yi wa iyaye kayan salla daga nesa su ma kasuwa ce, abin da suke nema wanda zai kai kaya hannun Mma ya ɗauki hoto ya tura musu.

Hajiya na ƙirga lambobin da nake da su na waɗanda suka taɓa saye, 74 ne, kuma na tabbata rabinsu ba su ajiye tawa ba don ban taɓa ce musu su ajiye ba. Yau zan fara bin su da saƙon murya ɗaya ɗaya. Tambayata ta ƙarshe, shafin TikTok ɗin nan da ya riga ya cika da mutanen Najeriya da na bogi, in ci gaba da shi in riƙa rubuta Ankara da kuɗi a sidi, ko in bar shi in buɗe sabo tun daga farko? Saura 'yan makonni salla kuma ina da abaya 18 a ƙasa.

Mai Gyaran Waya, Circle

Kada ki rufe shi yanzu Anti, lokaci ya ƙure, kuma sabo ba zai ba ki damar yin layif ba sai mabiya sun kai dubu ɗaya. Ki canza bayanin saman shafin ki sa Nima da lambar WhatsApp, ki yi sati biyu duk bidiyo da sunan unguwa da kuɗi a sidi, sannan ki sake duba lissafin ki ga ko Gana ta fara hawa. Abaya 18 ɗin kuma ki fara da mutum 74 ɗinki yau da dare, ki ɗauke su ɗaya ɗaya a tsakar gida kafin rana ta faɗi don kalar ta fito yadda take.